Abin da Baffa Ke Kira Lagzari

Ranar addu'ar uku ta Baffa, yayan mahaifina, ina zaune a tsakar gida kusa da Inna, matarsa, ina sauraron masu gaisuwa, raina sai ƙara ɓaci yake. Ba wanda ya faɗi mummunar magana. Yabonsa kowa yake yi, yabon ne bai yi kama da shi ba.

Wata tsohuwa daga bakin dam ta shigo tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Allah ya jiƙan mai lagzari. Yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, wadda ake saurin haɗiyewa. Wata ta karɓe ta ce ai ranar da ya ga jikarta da sabon takalmi, cewa ya yi lagzari ke nan. Daga ƙofar gida kuma, ta lasifikar da aka ɗauko haya, ina jiyo malamin da ke jan addu'a yana cewa marigayi mutum ne da ya guji duniya, ba ruwansa da jin daɗi. Na waiwaya na dubi Inna. Kanta na ƙasa tana jan carbi, amma na ga ta ɗan girgiza kai.

Baffa bai guji duniya ba. Ban taɓa ganin mutumin da ya iya jin daɗin 'yar duniyarsa kamarsa ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, don in an ci gaba da ba da labarinsa yadda na ji ana bayarwa a ranar nan, nan da shekara biyu za a manta ko wane ne shi, a bar mu da wani tsoho mai tsuke fuska wanda ban taɓa sani ba.

Kalmar lagzari ta Turanci ce, kuma ita kaɗai Baffa ya mallaka a Turancin. Bai yi boko ba. Ya tsince ta ne ranar da aka tashe su daga tsohon gari, lokacin da ruwan dam ɗin Tiga zai cinye shi. Na ji labarin ya fi sau ɗari, kuma ba ya sauya ko harafi. Yana matashi a lokacin, bai daɗe da auren Inna ba. An kawo babbar mota za ta kwashi kayan gidaje huɗu, an ɗora buhuna da tukwane da gadaje da turame. Shi kuma ya fito da kwando babba an rufe da tsumma, tantabarun mahaifinsa ne a ciki. Wani ma'aikaci mai gajeren wando da ke lura da lodi ya ɗaga tsumman, ya leƙa, ya juya ya yi wa direba magana da Turanci. Baffa ya kama kalma ɗaya a ciki, ya tambayi direban me aka ce.

"Ya ce wannan lagzari ne. A sauke."

"Mene ne lagzari?"

"Abin da ba dole ba. Ko babu shi ba za ka mutu ba."

Baffa yakan tsaya a nan in yana ba da labarin, ya dube ka ido cikin ido, ya ce, "Ni kuma na duba motar nan, na ga duk abin da ke ciki na kada a mutu ne. Ba abu ɗaya na a rayu." Sai ya ɗora kwandon a ka, ya bi motar a ƙafa. Ya ce da hantsi ya tashi, bai isa sabon matsuguni ba sai bayan la'asar, wuyansa ya yi kwana uku ba ya juyawa.

Wahalar ba ta ƙare nan ba. Tantabara ba ta san an tashi gari ba. Da ya sake su, sai suka koma gida. Ya bi su ya kamo, suka sake komawa. Har ruwa ya zo ya shafe gidajen, suna zuwa suna kewaya saman ruwan daidai inda ɗakinsu yake, in sun gaji su sauka a kan wani rimi da ya rage a tsaye. Ya ari kwalekwale a wurin wani masunci, shi da ko iyo bai iya ba, ya je ya ɗana musu tarko a rimin. Da ya dawo da su sai ya ɗaure musu gashin fiffike da zare, ya kulle su, bai sake su ba sai da suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe. Yakan ce tantabara ba ta yarda da wuri sai ta haihu a cikinsa, kuma mu ma haka muka yi.

Ɗakin da ya gina musu a bayan gida na ƙasa ne, zagayayye, an dasa tukwane a jikin bangon daga ciki, baki na kallon tsakiya, kowace tukunya gidan miji da mata. Duk shekara kafin damina shi yake yaɓe shi da hannunsa. Ɗakin kwanansa ya sha yin yoyo, na tantabaru bai taɓa yi ba, kuma Inna ta sha yi masa gori a kan haka.

Tun daga ranar motar nan kalmar ta zauna masa a baki, kuma da murmushi yake faɗinta. In ya dawo daga lambu, inda yake noman rani na tumatir da albasa, ya yi wanka ya yi la'asar, sai ya shimfiɗa buzu a gaban ɗakin tantabaru, Inna ta kawo masa shayi da na'ana'a, ya watsa dawa, su sauko har kan kafaɗarsa. Sai ya kurɓa ya ce, "Lagzari ke nan." Bishiyar lalle da ya dasa wa Inna a bakin rijiya, lagzari ce. 'Yar kwalbar turaren da yake shafawa ran Juma'a, lagzari ce. Takalmin jikar matar nan ma, ina wurin aka yi, sa albarka ya yi, har ya ce ta taka ya gani. Amma da yake mutane sun saba jin kalmar a kan manyan motocin da ke wucewa ta Kwanar Dangora da gidajen masu kuɗi, kuma fuskar Baffa ba ta cika sakewa ba in ba ka san shi ba, sai suka ɗauka zargi yake yi.

Abin da yake zargi yana da sunansa daban, kuma da Hausa yake faɗa: ɓarna. In ya ce ɓarna, ba murmushi. A kan ɓarna suka yi rigimar da ba su gama shiryawa ba shi da Yaya, babban ɗansa, wanda ke aiki a Abuja. Lokacin bikin 'yar Yaya ta fari an yi taro a Kano, aka dafa shinkafa kamar za a ciyar da ƙaramar hukuma. Da aka watse, Baffa ya ga ma'aikatan wurin suna juye farantai cike a cikin shara. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ita ke nan gare shi ta fita kunya, ya samo buhu, ya bi tebur tebur yana kwashe ragowar shinkafar a gaban surukai da abokan aikin Yaya. Yaya ya zo yana raɗa, "Baba, don Allah, mutane na kallo." Baffa ya ce da ƙarfi, "Su kalla mana. Da ake zubarwa ba su kalla ba?" Ya taho da buhun har gida, ya shanya, tantabaru suka yi mako suna ci. Yaya ya yi wata shida bai zo gida ba.

Ni ma na yi tawa rigimar da shi, kuma ita ce ta fi damuna yanzu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ya sangarta ni har ina iya musu da shi. Da na fara koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Bebeji, kaina ya yi girma. Wata ranar Asabar na zo da ƙamus a jaka, musamman don in gyara masa. Na buɗe na fassara masa. Na ce kalmar tana nufin abu mai tsada na ƙawa da more rayuwa, irin na masu hali. Na ce a da can ma ma'anarta ta fi haka muni, tana nufin wuce iyaka da bin son rai. Na ce, "Baffa, shayi da tantabara ba sa ciki. Kana sa kalmar a inda ba wurinta ba."

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Uwata, a cikin littafin naki an ce abin da ba dole ba?"

Na duba. Na ce an ce, amma a ma'ana ta biyu.

"To ni ta biyun aka ba ni a bakin mota. Ta farkon ku riƙe, ku da kuka biya kuɗin makaranta." Ya watsa dawa. Can ya ƙara da cewa, "Wanda ya rubuta littafin nan an taɓa tashinsa daga garinsu?"

Na ce ban sani ba.

"Ba a taɓa ba. Da an taɓa, da ta biyun ya sa a farko."

Na tafi ina jin haushi, ina cewa a raina tsoho ba ya karɓar gyara. Shekara biyu bayan haka na yi haihuwa mai wuya, ɗan bai zo da rai ba, na kwanta ko ruwa ba na son gani. Baffa bai iya zaman jinya ba, bai kuma iya lallashi da baki ba. Sai ga shi a kan babur ɗin haya tun daga bakin dam har Bebeji, da 'yan shila huɗu a cikin kwali. Ya miƙa wa surukata ya ce a yi mini farfesu da citta da kanumfari, kada a cika ruwa. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Uwata, ki sha. Ba dole ba ne, amma ki sha." Shi ne abu na farko da ya zauna a cikina. Duk mako sai ya aiko, har na yi arba'in. Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Duk mai jego da duk wanda ya tashi daga ciwo a unguwar nan ya sha romon 'yan shilar Baffa, kuma bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Tsohuwar da ta ce faɗa yake musu, ita ma ta sha lokacin da aka yi mata aikin ido.

Bayan addu'ar bakwai Yaya ya tara mu a ɗakin Inna. Ba zan zalunce shi ba. Shi ya ɗauki nauyin asibitin Baffa daga farko har ƙarshe, kuma na ga kukan da ya yi a bakin makara. Ya ce yana so ya gina wa Inna ɗaki na bulo da falo da banɗaki a ciki, ta huta da fita rijiya, masu zuwa gaisuwa su sami wurin zama na mutunci. Filin da ya isa kuwa shi ne na ɗakin tantabaru. Ya ce kashinsu na tayar wa Inna da tari, kuma bara an kashe maciji a ciki. Sannan ya faɗi maganar da ta sa na kusa tashi tsaye. Ya ce, "Kuma kowa ya san Baba ba ya son lagzari. Tsuntsaye suna cin kwanon dawa kullum ba a sayarwa, in ba lagzari ba mene ne?"

Na ce, "Yaya, lagzari ne mana. Shi ya sa ya ɗauko su a ka."

Ya ce, "Malama, ba aji muke ba."

Na ce a gina daga gaba, wajen zaure. Ya ce magini ya auna, ba zai isa ba. Na ce a bar ko rabin ɗakin. Ya ce ni da nake gidan mijina a Bebeji, ni zan riƙa zuwa yaɓe? A nan ya kama ni. Sai ya juya wajen Inna, ya ce, "Inna, in ba ki so, ki faɗa, wallahi a fasa."

Ga inda abin ya lalace, kuma duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san dalili. Yaya ɗan fari ne. Inna irin matan da ce masu alkunya: tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana kai tsaye ba. In tana son ya ci abinci, sai ta ce wa wanda ke kusa, "Ki ce wa yayanku ga tuwo nan." In ya yi tafiya ba ta tambayar ya isa lafiya, sai dai ta yi ta kai da kawo har wani ya faɗa. Yanzu ga ta cikin takaba, ga dangi cike da ɗaki, ga shi ya tsare ta da tambaya a gaban kowa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kawar da kai wajen bango. Yaya ya jira kaɗan, ya ce, "To, alhamdu lillahi, ba ta ƙi ba."

Shekara hamsin yana ɗanta, bai san shirunta ba! Ni kuma da na sani, me na yi? Da aka watse Inna ta riƙo hannuna ta ce a hankali, "Ki ce wa yayanku a dakata." Na je na faɗa masa. Ya ce ni ce na sa mata magana a baki, in gaskiya ne me ya hana ta faɗa da aka tambaye ta. Na yi fushi na ce ya yi abin da ya ga dama, na ɗauki jakata na koma Bebeji, wai ina da jarrabawar ɗalibai. Na ɗauka zai ɗauki wata guda yana shiri. Har yau in na tuna wannan fushin nawa sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Laraba aka rushe. Tun da safe wani mai sayar da kaji a Kwanar Dangora ya zo da keji ya kwashe su kaf, kafin azahar leburori sun kai bangon ƙasa. Da labari ya iske ni na taho a gigice, tukwanen da Baffa ya dasa ɗaya bayan ɗaya na tarar an tara fasassunsu a bakin rijiya. Inna tana ɗaki, an ce tun safe ba ta fito ba, abincin da aka kai mata yana nan a rufe. Ban yi wa Yaya magana ba, shi ma bai yi mini ba. Na kwana uku a gidan muna wuce juna kamar baƙi a tasha.

Ranar Asabar bayan la'asar, an haƙa tushe an fara jera bulo, Yaya na tsaye da magini suna duba igiya. Ina wanke kwanuka sai na ji wannan ƙarar fiffiken da na tashi da ita tun ina yarinya. Na ɗaga kai. Tantabarun Baffa ne, su bakwai, ko waɗanda suka saya ne suka yi gaggawar saki, oho. Suka zo daidai inda ɗakin yake, suka yi ta kewayawa. Su yi ƙasa kamar za su sauka, su ga babu komai sai rami da yashi, su sake tashi. Wata fara ta sauka a kan tulin bulo tana leƙe-leƙe, tana wannan kukan nasu. Lokacin shayin Baffa ne daidai.

Yaya ya dube su, na ga fuskarsa ta canza, amma ya dake. Ya ce wa wani lebura, "Kamo su a mayar wa mai su, an riga an sayar." Leburan ya ɗauki buhu ya fara sanɗa.

Sai na ji an kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke, da muryar da ban taɓa jin ta ɗauke shi ba. Inna ce tsaye a ƙofar ɗakinta da farin mayafin takaba, tana kallonsa ido cikin ido. Leburan ya tsaya da buhu a hannu. Magini ya saki igiya. Yaya ya juyo kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi.

Ta ce, "Ubanka a ka ya ɗauko su, ina bayansa da cikinka wata biyar. Ba wanda zai sake sa su a buhu ina raye."

Yaya ya durƙusa a wurin, cikin yashi, da farar shaddarsa. Inna ta koma ɗaki ta fito da tukunyar ƙasa da take dafa maganin tarinta, ta juye, ta miƙo mini. Yaya ne ya tashi ya karɓa daga hannuna, ya tattare riga ya hau katanga da kansa, ya kwantar da ita a kusurwa ya tokare da bulo biyu. Na kawo dawa na watsa. Sun daɗe kafin su sauko.

An gama ginin, da falo da tayil da komai, kuma yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Tantabaru bakwai ɗin suna cikin tukwane huɗu a kan katangar baya, sauran ba su dawo ba. In mai jego ta haihu a unguwar yanzu, ba abin da za a aika mata, don Inna ta ce ba za a taɓa ko ɗan shila ɗaya ba sai sun yi yawa. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya ba shi a can abin da ya fi na dole, ya yafe mana mu da muka kasa riƙe masa ɗaki ɗaya na ƙasa.

A ranar Asabar ɗin nan, bayan leburori sun tashi, na zauna kusa da Inna a kan buzun Baffa muna kallon farar tana shiga tukunya tana fitowa. Na ce mata, "Inna, yau kin yi abin da ya gagare mu duka." Na ɗauka zan faranta mata ne. Ba ta dube ni ba. Ido ta tsura wa fasassun tukwanen da ke bakin rijiya.

Ta ce, "Shekara hamsin ina riƙe da sunan nan a bakina. Da na sake shi ran Laraba, da ɗakin na nan."